Rabin Burodin Baba Gaston

Tabitha ta gaji da Baba Gaston. Tsohon Bafaranshe ne da ƙurar kwal ta cinye wa huhu. 'Yarsa Odile ta ɗauko shi daga garinsu ta ajiye a wani flat a unguwar Woolwich ta London, ita kuma ta koma Stratford tana fama da aikinta. Tabitha, ma'aikaciyar kula da tsofaffi, ce ke zuwa kullum ta yi masa wanka, ta ba shi abinci, ta saurari labarin da ta riga ta haddace.

Garin nasu, in ji shi, gonaki ne kawai kafin a gano kwal. Kamfani ya zo ya gina gidaje jere iri ɗaya, da makaranta, aka kafa masana'antar gilashi. Daga baya aka rufe ramin kwal ɗin, gilashin ma ya bi, aka bar tsibin baƙar ƙasa da tsofaffi masu tari. Ita Tabitha da ta tashi a Bukuru, tsakanin kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, wane sabon abu zai gaya mata?

Abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya shi ne burodi. Kullum sai ya ci rabi, ya naɗe rabi a takarda ya cusa a aljihu. Ta lallasa, ta yi faɗa, duk a banza. In za ta tafi sai ta zaro ta jefa a shara. Ga hukumar unguwa, wato council, sun ce in bai ci abinci sosai ba gidan tsofaffi za a kai shi, shi kuwa ya rantse gara ya mutu a kujerarsa.

"Ki yi reporting kawai," in ji Ajara, abokiyar aikinta. "In ya yi collapse ke za a kama."

Ta yi. Aka auna shi, ya rame kam, aka sa ranar kai shi gidan tsofaffi.

Ranar tafiya Odile ta zo haɗa kaya. Tsohon ya zaro ƙunshin ya miƙa mata. Ta zauna bakin gado.

"A garinmu mai shiga rami ba ya cinye guzurinsa," ta ce wa Tabitha. "Sai ya rage wa yaransa. Mukan jira a bakin ƙofa mu yi ta kokawa a kai. Ni yake ajiye wa."

Tabitha ta juyo gare ta. "To mu gaya musu, a fasa."

Odile ta murza idanu. "Na riga na mayar da flat ɗin. Kuma na gaji, Tabitha."

Motar ɗaukarsa ta iso ƙasa. Tabitha ta durƙusa tana ɗaura masa takalmi, sai ya taɓa kafaɗarta.

"A can suna barin mutum ya tashi da burodi a aljihu?"

Ta taɓa aiki a gidan. Ana gama ci ake kwashe komai.

"Suna bari, Baba," ta ce.