Wandon Safiyo

Shekara goma sha tara Anti Almakashi tana ɗinki a shagon haya, irin shagon nan da in mata biyu suka zo awo sai ɗaya ta jira a waje. Sunan kuwa ba don almakashin hannunta kaɗai aka laƙaba mata shi ba, har da na bakinta. Da Allah ya hore mata ta sayi fili, tun ba a sauke bulo ko ɗaya ba ta gama gini a ranta: gida a baya, shago a gaba, da ƙatuwar taga, ta huta da kunna fitila da rana tsaka don zura zare a allura.

Ta ɗauko safiyo ya auna filin ya kafa turaku. Mutum ne mai tumbi da fara'a, yana da wata na'ura mai ƙafa uku da ko ƙuda ba ya so ya sauka a kanta. Ta ba shi rabin kuɗinsa, sauran sai ya kawo taswira. Da ya ji sana'arta ma sai ya kawo yadi ta ɗinka masa riga da wando, wai za a karrama shi a taron masu awo.

Magini ne ya fara tsegunta mata. "Anti, shagon nan fa ba zai shiga ba, sai dai in ƙofar gida za mu toshe."

Takardar saye ta ce gaban filin mita goma sha biyar ne. Tef ɗinta na awo mita ɗaya da rabi ne, ke nan sau goma za ta shimfiɗa shi daga turke zuwa turke. Ta durƙusa tana awo, maigidanta na riƙe mata bakin tef ɗin yana waige-waige kada wani ya gan shi. Sau tara ta samu. Ta sake daga ɗaya gefen, tara dai. Ta san in aka buga wa taswirar hatimi a haka, shago ya tafi ke nan.

"Ki biya Safiyo a rabu lafiya," in ji maigidan, wanda bai taɓa son hayaniya ba. "Mutum da na'ura, ke da tef ɗin auna ƙugu?"

"Ka taɓa ganin an dawo min da rigar da na auna?"

Ta kira Safiyo a waya. Sai da ya gama dariyarsa sannan ya ce, "Haba Anti, awon ƙasa ai ba awon atamfa ba ne. Ɗan bambanci ba ya kashe kowa. Na yi aiki, a ba ni cikon kuɗina. In kuma sabon awo kike so, sabon kuɗi ne."

Maganganu sun zo mata har baki, masu kaifi kuwa, amma ta haɗiye. "To yallaɓai, ka zo gobe ka karɓi ɗinkinka."

Washegari ya zo yana ƙamshin turare, ya shige bayan labule ya gwada kaya. Riga ta zauna masa ɗas. Wando kuwa, ƙafar dama ta sauka har idon sawu, ta hagu ta tsaya a tsakiyar ƙwauri, ga safa a fili da ɗan hujinta.

"Anti! Mene ne wannan?"

Ko kai ba ta ɗaga daga keken ba. Ta cije zare ta ce, "Ɗan bambanci ne, yallaɓai, ba ya kashe kowa. Na yi aiki, a biya ni. In gyara kake so, sabon kuɗi ne."

Mata biyu da ke jira a benci suka cusa bakin gyale a baki, kafaɗunsu na rawa. Wanzami dai ba ya son jarfa. Safiyo ya dubi ƙafar, ya dubi madubi, ya yi iya ƙoƙarinsa ya ɗaure fuska, dariya ta ƙwace masa har tumbi na girgiza.

"Jibi ne fa taron nan, Anti!"

"Kai jibi kake jira. Ni shekara goma sha tara nake jiran shagon nan."

Ya tuɓe wandon ya bar mata ya fita. Da la'asar sai ga shi a filin da na'urarsa. Ba a jima ba gaskiya ta fito: tsohuwar taswirar unguwa ta ce a fara awo daga falwayar lantarki, shi kuma ya fara daga wadda ya gani tsaye. Ashe an matsar da ita lokacin da aka haƙa kwata, ga ma gindin tsohuwar nan cikin ciyawa. Shi da kansa ya tumɓuke turken ya matsar, yana zufa.

"Laifina ne, Anti, ban duba ba. A yi haƙuri."

Ta shimfiɗa tef, goma cif. Nan take ta miƙa masa cikon kuɗinsa, sannan ta zaro wandon daga jaka. Da ma ba ta yanke ba, naɗe ƙafar ta yi ta ciki ta ɗan kama da zare. Ta ja zaren, ƙafa ta sauko daidai da 'yar'uwarta.

"Ni in ɓata yadin mutum? Allah ya sawwaƙe."

Bayan ya tafi da wandonsa a hamata, ta taka ta shiga ɗan tsirin ƙasar da aka dawo mata da shi. Ciyawa ce kawai da tsakuwa, amma daɗi ya cika ta har idonta ya kawo ruwa. Ta yafito maigidan.

"Zo ka tsaya nan. A'a, matso kaɗan. Yauwa. To nan tagar za ta kasance."