Walimar da Aka Rasa Niyyarta

Laifin da zan ba da labarinsa ba sata ba ne, ba kuma zagi ba. Hali ne na mutumin da bakinsa ba ya iya furta a'a, duk wanda ya zo masa da magana sai ya ce to, yana tsammanin ladabi yake yi. Na tsufa ina ganin irinsu, ban kuwa taɓa ganin wanda ya ƙare da mutuncinsa a cike ba. Ku ji yadda ta kasance da Darmaji.

Darmaji mai faci ne a bakin titin da ya ratsa ƙauyenmu, nan gefen garin Wonogiri. Mutum ne mai sanyin hali, ba a taɓa jin muryarsa ta wuce ta famfon iskarsa ba. Yana da mata, Ngatmini, da 'ya guda ɗaya, Lastri. Facin ba ya kawo wani abin kirki, amma tukunya ba ta taɓa kwana a kife ba.

Yana da wa, Harjono, wanda ya shekara goma sha biyu a birnin Samarinda, can ƙetaren teku, yana sayar da bakso, miyar nan ta dunƙulen nama da taliya. Kasuwa ta karɓe shi har ya kama rumfa ta biyu, ya ce ba zai sa bare a ciki ba alhali yana da ƙane. Sai ya bugo waya.

"Dar, har yaushe za ka zauna kana shaƙar iskar tayar mutane? Ga rumfa, ga tukunya, har ɗaki na kama maka a bayan nawa. Ka kwaso Ngatmini da yarinyar ku taho."

"To, Yaya."

"To ɗin gaske, ko irin taka?"

"Haba Yaya. Na ce to."

Ba a yi kwana huɗu ba sai ga surukinsa, Baba Wiryo, ya dogaro sanda har rumfar faci. Shekara talatin tsohon nan yana rabon ruwan gonakin shinkafa. Shi ke riƙe da mabuɗin ƙofar ruwa, wani ƙarfe mai lanƙwasa da ake murɗawa a buɗe wa wannan sashe yau, gobe a buɗe wa wancan. Mai riƙe da shi gari na ba shi gona guda ya noma muddin yana kan aikin, kuma ko mai gari ba ya wuce shi bai gaishe shi ba. Tsohon ba shi da ɗa namiji. Ɗan ƙanensa, Sarwono, ya daɗe yana kwaɗayin aikin, har kaji yake aika masa.

Baba Wiryo ya zauna a kan tsohuwar taya ya daɗe yana numfashi.

"Gwiwoyin nan sun ce sun gaji, Darmaji. Manoma sun ce in zaɓi wanda zai karɓe ni. Sarwono ya zo, na ce masa ya yi haƙuri, hannunsa ya cika saurin karɓar kyauta. Kai nake so."

Darmaji ya dubi ƙasa. Tsoho mai furfura ya tako da ƙafarsa ya zo gare shi, a gaban mutane. Ya so ya ambaci maganar Samarinda, ya fasa.

"To, Baba."

Da ya koma gida ya tarar da Ngatmini tana tsinke barkono a bakin ƙofa. Labari ya riga shi isowa.

"Baban Lastri, mutum nawa ne kai?"

"Kamar yaya?"

"Na ji ɗayanka zai tafi Samarinda, ɗayan zai zauna rabon ruwa. Ina so in san wanda zan dafa wa abinci."

"Ki bari in yi tunani."

"Yi tunaninka. Ni ko can ko nan zan bi ka, ba ni da ja. Amma ka je ka ce wa ɗayansu a'a tun yau, tun abin yana ƙarami."

Gaskiyar magana, shi kansa bai san abin da yake so ba. Da safe idan manyan motocin birni suka wuce da mutane masu takalma masu ƙyalli, sai ya ga Lastri a babbar makaranta, ya ga kansa yana zuba miya mutane sun yi layi. Da yamma kuma idan ya bi ta kan kunyar gonaki zuwa gida, ya ji ruwa na gudu a kwalbati, ya wuce kabarin mahaifiyarsa, sai ya ce ina zai kai kansa garin da ba wanda ya san sunan ubansa. Yana tsoron kaifin bakin Harjono. Yana tsoron rigimar manoma lokacin rani. Duk wannan ba laifi ba ne, kowa yana da haƙƙin ya yi wasi-wasi. Laifin shi ne ya bar mutum biyu kowanne yana gini a kan maganarsa.

Sau biyu ya yi yunƙuri. Ya je gidan surukinsa da niyyar ya faɗa, ya tarar da baƙi. Tsohon ya nuna shi yana murmushi ya ce, "Ga magajina nan." Aka kawo shayi, ya sha, ya yi godiya, ya dawo. Ya buga wa yayansa da niyyar ya faɗa, kafin ya buɗe baki Harjono ya ce, "Ka san me? Na sa an rubuta allon rumfar. Bakso Darmaji, da jan fenti, manyan baƙaƙe. Sai ka gani." Ya ce, "Kai, na gode, Yaya." Ya kashe waya.

Mu nan ba a fara babban abu sai an yi walimar neman lafiya. Ko tafiya ce, ko kama sabon aiki, ko tarewa a gida, sai an kira maƙwabta an zauna a tabarma, liman ya faɗa wa jama'a niyyar mai gida da babbar murya, kowa ya shaida, sannan a yi addu'a a kai. Baba Wiryo ya ƙirga kwanaki ya zaɓi wata Alhamis mai kyau, ya ce ranar zai miƙa mabuɗi. Da Harjono ya tambayi ranar walimar sallama, Darmaji ya rasa ta cewa, sai ya faɗa masa wannan Alhamis ɗin. A ransa ya ce hanya da nisa, ga kasuwa, yayansa ba zai zo ba. Kafin nan kuma ai zai yanke shawara.

Alhamis ta zo bai yanke komai ba. Tun asuba mata suka cika bayan gida. Aka yanka kaji bakwai, aka dafa shinkafa rawaya aka tara ta a faranti kamar ɗan tsauni, aka jera kwanduna talatin da baƙi za su tafi da rabonsu a ciki. Liman ya aiko a tambayi niyyar da zai faɗa. Darmaji ya ce a gaya masa sai an zauna.

Bayan la'asar babur ya tsaya a ƙofar gida. Harjono ne ya sauko, da jaka a kafaɗa da tsarabar Lastri a hannu.

"Ka yi zaton zan bari a yi wa ƙanena addu'ar tafiya ba na nan? Na rufe rumfa kwana shida saboda kai." Ya zaro takardu daga aljihu ya kaɗa su. "Tikitin jirgin ruwa, naku uku. Lahadi za mu tashi."

Ngatmini tana tsaye da ludayi a hannu. Ta dubi mijinta sau ɗaya, ta koma madafa.

Ko a lokacin da sauran dama. Da ya ja yayansa gefe, ko ya ruga gidan tsoho kafin magariba, da kunyar ta tsaya tsakanin mutum biyu. Sai ya tsaya yana gyara tabarmi.

Bayan magariba maza suka shigo suka zauna a kewaye. Baba Wiryo ya zo da rigarsa ta zuwa biki, ya ajiye wani abu naɗe a farin ƙyalle a gefen gwiwarsa. Kowa ya san abin da ke ciki. Sarwono ma ya zo, ya zauna can kusa da ƙofa. Harjono yana ta gaisawa da abokan ƙuruciya yana raba taba mai kanumfari.

Liman ya gyara murya.

"To, mai gida, ga jama'a sun amsa kira. Da wace niyya aka tara mu?"

Darmaji ya dubi yayansa, ya dubi surukinsa.

"Neman lafiya ne, Malam. Lafiyar iyali, da ta gari."

"Wannan kullum muna nema. Ai ba a yanka kaji bakwai don ita kaɗai ba. Me za a fara?"

Aka yi 'yar dariya. Harjono ya bugi kafaɗar ƙanensa.

"Kun san shi da kunya tun yana yaro. Malam, sallama ce. Lahadi zan tafi da su Samarinda, rumfa na jiransa."

Dariyar ta ɗauke. Wasu suka dubi farin ƙyallen, wasu suka dubi tabarma. Baba Wiryo ya ajiye kofin shayinsa a hankali, ko ƙara bai yi ba.

"Ashe tafiya ce," ya ce, fuskarsa ɗauke da murmushi. "Ni ne tsufa ya sa ban ji da kyau ba. Allah ya kiyaye hanya."

"A'a, Baba, ban ce zan tafi ba."

Harjono ya juyo. "Ba ka ce ba? To me ka ce mini?"

"Na ce to, Yaya, amma..."

"Shi kuma Baba me ka ce masa?"

Ba a buƙatar Darmaji ya amsa. A ɗakin nan akwai mutanen da suka ji da kunnensu ranar da tsoho ya kira shi magajinsa.

Liman mutum ne mai rufa asiri. Ya ɗaga hannu ya yi addu'ar neman lafiya gajeriya, bai ambaci tafiya ba, bai ambaci ruwa ba. Aka shafa. Ba wanda ya tsaya hira. Kowa ya ɗan taɓa shinkafa don kada a ce ya ƙi, ya ɗauki kwandonsa ya nemi takalmansa. Baba Wiryo ya ɗauki ƙunshinsa ya miƙe da ƙyar. Darmaji ya yunƙura zai kama shi, sai tsohon ya miƙa wa Sarwono hannu.

Da safe Harjono ya riga ya ɗaure jakarsa. Darmaji ya same shi a tsakar gida yana wanke fuska.

"Yaya, na yi tunani. Zan bi ka."

"Yanzu da tsoho ya fasa?"

"Ba haka ba ne."

"Haka ne mana. Da ka ce mini a'a tun farko, Dar, da na zage ka kwana biyu na manta. Ni ba baƙonka ba ne. Amma ka sa na tsallako teku na zo na kunyata dattijo a gaban garinsa, da bakina." Ya goge fuska da tawul. "Rumfa ba ta son irinka. Mai nama zai zo ka ce to, mai bara zai zo ka ce to, wanda zai ci bai biya ba ma ka ce to. Ƙanen matata zai riƙe ta."

Bai jira Lahadi ba. Ya shafa kan Lastri ya hau babur.

Darmaji ya yi kwana uku bai buɗe rumfar faci ba. A na huɗu Ngatmini ta ce idan bai je gidan mahaifinta ba ita za ta je ta zauna can. Ya je. Ya durƙusa a gaban tsoho ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa gwiwarsa, ya nemi gafara.

"Na yafe," in ji Baba Wiryo. "Kai mijin 'yata ne, gobe ma nan za ka ci abinci."

"Baba, in har yanzu kana so, zan riƙe."

"Ka san mene ne aikin nan? Rani ya yi tsanani, mutum ya zo maka, shinkafarsa na ƙonewa, abokinka ne, yana hawaye, ba kuwa ranarsa ba ce. Ka dube shi ka ce a'a. Aikin ke nan gaba ɗaya, sauran murɗa ƙarfe ne. Na ga kana da haƙuri, ban duba ɗaya gefen ba. Kuskurena ne. Sarwono yana son kyauta, amma wannan ana iya sa masa ido. Jiya na ba shi."

Ga abin da Darmaji ya rasa, ku ƙirga da ni. Rumfar Samarinda ta tafi, an shafe sunansa daga allon da farin fenti. Mabuɗin ruwa ya tafi, da gonar da ke binsa. Tikiti uku sun lalace a aljihun yayansa, wanda ya shekara biyu bai bugo waya ba, ko da salla sai dai ya aiko wa Lastri kaya ta hannun wani. Kaji bakwai da buhun shinkafa sun tafi a walimar da har yau ba a san niyyarta ba. Ngatmini tana nan, ba ta taɓa yi masa gori ba, sai dai tun daga ranar idan ta tambaye shi abu ya ce to, takan aiki Lastri ta sake tambaya. Shi kuwa yana nan a bakin titi yana faci, kuma duk ranar da Sarwono ya wuce da ƙarfen nan a kafaɗa, sai ya sunkuya kamar yana neman huji a taya.