Maki Biyun Keziah

Ranar Asabar da la'asar muka doke Jami'ar Marlow State a gidanta, sittin da ɗaya da hamsin da takwas. Su ne na tara a duk ƙasar a ƙwallon kwando na mata, kuma shekara uku rabon da wani ya ci su a zaurensu. Mu kuwa Kwalejin Birch Hollow, ko an tara ɗalibanmu kaf ba za su kai rabin 'yan kallon da suka zo ranar ba.

Sunana Odell Vance, ni ne mataimakin koci. Da can malamin lissafi ne ni a sakandare, shi ya sa aka damƙa mini aikin bidiyo: in kalli wasan abokan karawa, in ƙirga abin da suka saba yi, in kawo wa koci a takarda.

Ranar Litinin da safe ina shan kofi a gidan abincin Opal sai ta ƙara muryar rediyo. Shirin Buck Ransdell ake yi, mutumin da duk gabashin Kentucky ke saurara kan harkar ƙwallo.

"Ku ji ni da kyau, jama'a," in ji Buck. "Birch Hollow ba ta ci Marlow ba, Marlow ce ta ci kanta. Brynn Halvorsen, yarinyar da ke zuba maki ashirin da biyar duk wasa, ta tashi da tara. Kowa na da ranar da hannunsa ke yin sanyi. Sa'a ce kawai. A sake wasan nan sau goma, Marlow ta ci tara da rabi."

Opal ta ajiye mini ƙwai ta ce, "Ka ji mutuminka. Sai ka ci abinci tukuna kafin ka fasa mini kofi."

Ban ci ba. Na ɗauki takarduna na wuce makaranta.

Ƙarfe goma 'yan wasa suka shigo ɗakin bidiyo suna waƙa, suna ɗaga Jolene Sizemore, wadda ta ci mana maki ashirin da huɗu, hotonta ya fito a jarida. Keziah Mabry ce ta ƙarshe. Ita ce mafi tsayi a cikinsu, yatsu biyu a ɗaure, ta je can baya ta zauna ba ta ce uffan ba. Maki biyu ta ci a wasan.

Koci Marguerite Tolliver ta shigo tana dogara sanda. Shekararta sittin da uku, gwiwa ta daɗe da gama mata aiki, amma murya na nan daram.

"Kun gama rawar?" ta ce. "Odell, kunna musu bidiyo na farko."

Na kunna. Ba jifan nasara na nuna ba. Duk wuraren da muka saki ƙwallo a banza na harhaɗa, ɗaya bayan ɗaya. Ga Jolene ta miƙa wa abokiyar gaba ƙwallo kamar kyauta. Ga wata ta taka layi ba wanda ya taɓa ta.

"Sau nawa ke nan?" in ji koci.

"Goma sha tara," na ce.

"Goma sha tara. Jolene, biyar naki ne. A jaridar sun sa wannan?"

"Ba su sa ba, Koci."

"To. Ana cewa wai Marlow ba ta yi wasa mai kyau ba. Mu ne ba mu yi wasa mai kyau ba. Mun zubar da ƙwallo sau goma sha tara a gidan mutane, kuma muka ci su. Da mun riƙe ƙwallonmu, da tazarar maki goma sha biyar za mu ba su. Yanzu kunna na biyu."

Na biyun na Keziah ne. Kafin wasan na kalli Brynn Halvorsen a wasanni goma sha ɗaya. In ta karɓi ƙwallo ta juya ta dama, cikin jifa goma, shida na shiga. In aka tilasta mata juyawa ta hagu, biyu kacal. Kowa na iya ganin haka in ya zauna ya ƙirga. Abin da ya gagari ƙungiyoyi shi ne samun wadda za ta tsaya a damanta minti arba'in tana shan gwiwar hannu a haƙarƙari ba ta ja baya ba.

Muka kalla tare. Brynn ta karɓi ƙwallo kusa da kwando sau ashirin da uku. Sau goma sha takwas Keziah ta toshe dama, ta tura ta hagu. A wani wurin an buge ta ta faɗi, ta tashi ta riga Brynn isa wurin. 'Yan matan suka fara juyowa suna kallon bayan ɗaki.

"Keziah, me ya hana ki magana tun da kika shigo?" in ji koci.

Ta dubi yatsunta. "Babana ya kira ni jiya. Yana kan hanya da babbar mota, bai ga wasan ba, sakamako kawai ya karanta. Ya ce, 'Yata, maki biyu kacal? Ko ba ki da lafiya ne?' Kuma na san yau da safe ya saurari Buck."

Koci ta dubi agogo. Buck yana karɓar kiran masu sauraro daga sha ɗaya zuwa sha biyu. Ta ce in ba ta wayata.

Ana cikin haka sai ga Mista Pell, shugaban sashen wasanni, ya leƙo. Da ya gane abin da ake shirin yi sai ya shigo da sauri.

"Marguerite, don Allah ki bar maganar nan. Ki ce mun gode, Marlow babbar ƙungiya ce, shi ke nan. In kika ɓata musu rai ba za su sake gayyatarmu ba."

"In sun ji tsoro su fasa," ta ce. "Rufe ƙofa in za ka tsaya, Howard."

Ya tsaya, ya rufe. Na buga lambar, na sa kowa ya ji.

"A'a, yau muna da manyan baƙi," in ji Buck yana dariya. "Koci Tolliver da kanta. Koci, barka da sa'a."

"Barka dai, Buck. Ka kalli wasan?"

"Na ga muhimman wuraren."

"Wato ba ka kalla ba. Ga wadda ta buga shi, yi magana da ita."

Ta miƙa wayar baya. Keziah ta zaro ido, ta girgiza kai. Jolene ta karɓi wayar ta cusa mata a hannu.

"Wa ke magana?" in ji Buck.

"Keziah Mabry ce, yallaɓai. Lamba arba'in da huɗu."

Muka ji yana juya takarda. "Mabry. Maki biyu na gani a nan, 'yammata."

"Haka ne, yallaɓai. Brynn kuma tara. Ka ce hannunta ne ya yi sanyi. Hannunta lafiya lau yake, na san haka don ya sauka a haƙarƙarina ya fi a ƙirga. Ta nemi dama sau ashirin da uku, na hana ta sau goma sha takwas. Sauran biyar ɗin laifina ne, huɗu ta ci a ciki. In kana so Koci Vance ya aiko maka da bidiyon."

"To, ai ko agogon da ya tsaya yakan dace sau biyu a rana..."

"Ban gama ba, yallaɓai. Ka ce in an sake sau goma za su ci tara da rabi. Ka faɗa musu su zo Birch Hollow. Zaurenmu ƙarami ne, ruwan wankan ma ba ya zafi, amma su zo. Ina nan a damanta."

Buck ya ce a aiko da bidiyon, ya tafi hutun talla. 'Yan matan suka hau buga tebur. Mista Pell ya dafe kai ya fita. Keziah ta maido mini da wayar.

Koci ta buga sanda a ƙasa. "Ya isa. Kowa fili. Ƙwallo goma sha tara kuka zubar, zagaye goma sha tara za ku yi. Keziah, har da ke."

Da yamma na aika wa Buck bidiyon. Washegari ya ce a shirinsa ya kalla, yarinyar Mabry ta yi aiki, amma har yanzu yana ganin akwai sa'a a ciki. Ranar Alhamis takarda ta zo daga Marlow cewa jadawalinsu na baɗi ya cika, ba su da wurinmu. Koci ta karanta ta a gaban kowa, ta ce in manna ta a ƙofar ɗakin sauya kaya, na manna.

Wasanmu na gaba a gida muka yi, da wata ƙungiya da ba ta ci wasa ko biyar ba a kakar. Da ƙyar muka sha da tazarar maki huɗu, kuma mun zubar da ƙwallo sau goma sha huɗu. Koci ba ta yi wa kowa murmushi ba. Tun a bakin fili ta ce mini in shirya bidiyon kafin ƙarfe takwas na safe.