Tambayar Maƙwabciya

Shekara ashirin da shida na yi ina malamin dabbobi a Gure. In aka ce saniya tana ɗigar jini a Kelle, kafin azahar na iso bisa moto, wato babur, na ɗaga wutsiya na duba. Har yabona ake yi a kan haka. Na kuma ɗan taɓa karatun fiƙihu a zaure, daidai wanda zai sa mutum ya riƙa amsa tambaya kafin a gama yi masa ita.

Wata safiya ina ɗaure akwatin allurai, matata Balkisa ta tsaya a bakin ƙofa tana goge kwanon da ya riga ya bushe. Ta ce wai wata maƙwabciya ce ta aiko ta da tambaya: mace ce al'adarta ta ɗauke shekara huɗu, sai ga jini ya dawo, yau ya zo, gobe ya tafi. Yaya za ta yi da salla?

Na ji daɗin tambayar, ba zan ɓoye ba. Na gyara murya, na ce matar ta ƙirga kwanaki, in sun wuce goma sha biyar ba haila ba ce, ta yi wanka ta ci gaba da ibadarta. Balkisa ta ce to, za ta faɗa mata. Ni kuwa na tafi yi wa awaki rigakafi.

Maƙwabtanmu biyu ne. Ɗaya amarya mai goyo, ɗaya kuma tela, gwauro mai gemu. Sai bayan wata goma sha huɗu wannan ya faɗo mini.

A cikin watannin nan Balkisa ta daina zuwa garkarmu ta cikin kwari, na ce zafi ne. Zannuwa suka yawaita a igiyar shanya, na yaba tsabtarta. Ni da ke buɗe idon tunkiya in gane jininta ya ragu, ban taɓa kallon na matata da kyau ba.

Ƙanwarta Yabawa ce ta zo daga Gidigir. Ta shiga ɗaki, ba ta daɗe ba ta fito ta same ni ina shan shayi.

"Malamin shanu, yaushe rabonka da kallon Yaya?"

Na ce kullum muna tare.

"Da wutsiya gare ta da tuni ka kai ta Damagaram."

Mun saba tsokanar juna ni da ita, amma ranar ba ta yi dariya ba.

A asibitin Damagaram lokotoron, wato likitan, mace ce. Ta nuna mana wani bututu siriri kamar tsinken tsintsiya, ta ce da shi za ta tsoko ɗan naman bangon mahaifa, a duba da madubin likita. Na fita na sayi dabino. Ban gama cin na uku ba Yabawa ta leƙo ta ce an gama. Bayan kwana goma aka kira mu mu ji sakamako.

Sankara ce. Lokotoro ta ce sai an cire mahaifar, kuma sai an buɗe za a san ko ta tsaya nan ko ta wuce. Ta ce in aka kama irinta da wuri, yawanci aikin kaɗai ke isa. Sai ta tambayi yaushe jinin ya fara. Balkisa ta faɗa. Lokotoro ta rubuta, ta ɗago ta dube ni. Na so a ce zagina ta yi.

A waje, ƙarƙashin dalbejiya, Yabawa ta tafi nemo ruwa. Na tambayi Balkisa don me ba ta fito fili ta ce mini ita ce ba.

Ta gyara mayafi, idonta na kan takardar asibiti.

"Malam, hukuncin nan tun ina budurwa na san shi. Shekara talatin muna tare, ka taɓa jin na kira wannan abu da sunansa a gabanka? Na ɗauka za ka tambaye ni wace maƙwabciya ce."

 

Ta miƙo mini takardar, ta ce in riƙe da kyau, ranar Litinin ne aikin.