Tiren Kunafa a Jirgin Ƙarshe na Juma'a

Ranar Juma'ar da za a je nema mini aure, sauran dattawanmu suka wuce Shu'afat, unguwar su yarinyar, a motoci tun da aka sauko daga masallaci. Ni da Baffa Abu Ziyad muka tsaya a tsohon garin Ƙudus karɓar kunafa, kayan zaƙin nan na cuku da ruwan sukari. Shi ne zai yi magana a madadin gidanmu, kuma ba ya yarda da kunafar da bai ga an sauke ta daga wuta ba.

Abu Gassan, mahaifin Rawan da nake nema, ya taɓa mayar da mu. Ya ce wanda ya yi shekaru yana karatu a Kharkiv ta Yukren ya manta yadda ake zama da mutane. Da ƙyar ya sake ba mu rana, kuma da sharaɗi: ana idar da la'asar ya ga mai maganarmu a zaune. In aka bar manyan gidansa suna jira, to mu sha gahawarmu a gida.

Tiren ya kai tayar mota faɗi. Don kada cukun ya huce ya zama roba, na naɗe shi da bargo, mai shagon ya ba ni guntun wayar lantarki na ɗaure tamau. A ƙofar gari ta Bab al-Amud muka tarar an tare hanyar motoci, babu tasi ko ɗaya.

"Mu hau jirgin ƙasa, Baffa."

"Jirginsu ne."

"Ta ƙofar gidan surukanmu yake bi."

"Ta kan gonar kakanka yake bi," in ji shi. Amma ya duba rana, ya tattara alkyabbarsa ya hau.

Shi ne jirgin ƙarshe kafin Asabar ɗin Yahudawa ta shiga, komai nasu ya tsaya. Taragon ya cika maƙil. Ga masu komawa unguwarsu ta Pisgat Ze'ev da burodi da furanni, ga namu da dardumar salla a kafaɗa. Ba wanda ke kallon fuskar wani. Hannuwa ake kallo. Ni kam ban damu ba. Kwat ɗina sabuwa ce, zafin tiren na ratsa cikina, sai murmushi nake yi wa kowa kamar wanda ya ci caca.

Turmutsitsi ya tura Baffa can gaba. Wata kujera ta samu kusa da ni, na ɗora tiren a kai. Na'urar buga tikiti ta wajenmu keken jarirai ya tare ta, sai na kutsa zuwa ta ɗaya ƙofar. A Kharkiv haka muke yi, ka ajiye jaka ta riƙe maka wuri, ka je ka dawo. Ban ko waiga ba.

Ina buga tikitin na ji wata mata ta kurma ihu da Ibrananci. Ibranancina bai taka kara ya karya ba, amma wannan tambayar kowane ɗan Ƙudus ya san ta.

"Na waye wannan? Na waye?"

Jirgin ya ja birki, muka faɗa kan juna. Ƙofofi suka buɗe a tashar da ke gab da Shu'afat. Mutane suka yi waje, lemu na gangarawa ƙarƙashin ƙafafu. Taron ya kwashe ni har kan dakali. Ta gilashi na hango abin da suka gani: dunƙulen bargo mai zafi, ɗaure da waya, shi kaɗai a kan kujera, tamkar bam. Ni ma da ban san shi ba da na gudu.

Baffa ya damƙi hannuna. "Rufe bakinka," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kunafa ce, ba uwarka ba."

"In ba mai shi, injin fasa kaya za su kira. Za su rufe layin, su tsare duk Balaraben da ke nan su duba katin shaidarsa. Sai magariba."

"In kuma da mai shi, harbe shi za su yi, ɗan Rasha."

"In da mai shi, jirgi zai tashi."

Ya dube ni. Na zare hannuna, na ɗaga duka biyun sama.

"Nawa ne!" na faɗa da Larabci, na maimaita da Ibrananci. "Nawa ne! Kayan zaƙi ne!"

Nan take fili ya buɗe kewaye da ni. Mai gadin jirgin, wani jibgegen saurayi mai jan wuya, ya nufo ni da bindiga a hannu yana ba da umarni da sauri. Ban kama ko rabi ba, amma na ji yadda harshensa ke nauyi, sai na amsa masa da Rashanci.

Ya yi turus. "Ina ka koyi wannan?"

"Kharkiv."

"Ni Odesa. Durƙusa. Ɗaga riga."

Na durƙusa a kan kwalta da sabon wandona, na fiddo tumbina ga duk mai son gani. Wani ɗan unguwarmu ya yi fito daga baya. "Ango, ka ajiye wa amarya saura!"

Mai gadin ya nuna Baffa da haɓa. "Wannan tsohon tare kuke? Na ga yana riƙe da kai."

Kafin in buɗe baki Baffa ya gyara rawaninsa. Ya yi shekaru yana aikin gini a yammacin gari, Ibranancinsa ya fi na mai gadin tsabta.

"Ban san shi ba. Faɗuwa zan yi na kama shi."

Na so in yi dariya, bindiga ta hana ni.

Wani mai baƙar hula da dogon gemu, da yara huɗu a bayansa, ya fara buga agogonsa da yatsa. "Ko ya buɗe ko ka harbe shi, amma mu tafi! Rana na faɗuwa! A ƙafa kake so in kai su gida?"

Wata tsohuwa tamu mai farin mayafi ta gane abin da ya ce. "Allah ya harbe harshenka!" Sai ta juyo kaina. "Kai kuma jakin ina ne? Wa ke barin ƙunshi a jirgin nan?"

A kan wannan kam bakinsu ya zo ɗaya. Aka yi ta zagina da harsuna biyu.

Mai gadin ya sa ni gaba, na shiga taragon ni kaɗai, shi yana tsaye daga nesa. Na fito da tiren na ajiye a ƙasa. Wayar ta ƙi kwancewa, sai da na sa haƙori. Na yaye bargon. Tururi ya tashi, ƙamshin man shanu da ruwan sukari ya bi dakalin. Wani yaro daga cikin na mai hular ya matso, uban ya fizgo shi.

"Ƙarƙashi," in ji mai gadin.

"Tire ne ƙarƙashi."

"Nuna mini."

Ba wuƙa, kuma ba wawan da zai nemi wuƙa a wurin. Na ɗauki katin jirgina na tsaga kunafar daga gefe zuwa gefe, na sake tsagawa a gicciye, na ɗaga ɓangare guda. Cukun ya miƙe kamar zare. Wani ya tafa. Da yawa suka fashe da dariya, irin ta wanda ya ga bai mutu ba.

Direba ya buga ƙararrawa. Aka yi rububin shiga, mai furanni na ture mai darduma, mai darduma na ture mai furanni. Matar da ta fara ihun ta wuce ta gabana ba ta kalle ni ba. Baffa ma haka. Ya shiga, ya sami kujerar da tiren ya bari, ya zauna yana jan carbi. Da jirgin ya motsa, ya ɗaga mini gira ɗaya.

Ni aka riƙe. 'Yan sanda biyu suka zo, suka karɓi katin shaidata, suka tambaye ni sunan kakana, da dalilin da ya sa na tafi Kharkiv, da dalilin da ya sa na dawo. Ina tsaye na ji kiran la'asar daga Shu'afat. Ɗan Odesan ya tsugunna yana leƙen tiren.

"Aure?"

"In sun bari."

"Mu ko surukanka?"

"Duka."

Da suka sake ni, babu sauran jirgi sai daren gobe. Na bar musu bargon, na ɗora tiren a ka, na bi layin dogo da gudu. Ruwan sukari na bin wuyana yana shiga kwat. Masu shaguna na fitowa kallo. Wani mai wankin mota ya bi ni da kirari, wai ga kunafa ta gudo daga gidan biki. Ban tsaya ba. A raina ina ganin ƙaramin kofin gahawa a gaban Baffa, an ajiye, shi kuma bisa al'ada ya ƙi taɓawa sai an ba shi abin da ya zo nema. Ban san ko ya isa kafin su tashi ba.

Na sha kwanar layinsu numfashina na fita da ƙyar. Motocinmu na nan a jere. Gidan shiru. Na tsaya a bakin ƙofa da tire a ka.

Sai guɗa ta ɓarke daga bene, wata ta karɓa, wata ta ɗora.

Gassan, yayan Rawan, ya leƙo. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"An ba ka," ya ce. "Bi ta baya ka wanke wuyanka, kafin Baba ya ga abin da ya ba wa 'yarsa."