Sunan da Uwa Ba Ta Faɗa

Yarinyar tana tsugune bayan rumbu da tsakar rana. Ta tara ƙasa ta yi ɗan tudu dogo kamar kabari, ta shafe shi da tafin hannu, sannan ta ɗauki moɗa ta tsiyaya masa ruwa har ya narke. Ta sake tara wani.

Taibatu, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da aka turo daga Talata Mafara, ta tsaya tana kallonta. Wata bakwai ke nan tun da ruwan dam ya ci ƙauyen su yarinyar aka kwaso su nan kusa da Maradun, kuma tun ranar Kyauta, 'yar shekara biyar, ba ta ce uffan ba. A takardar ofis an rubuta "kurma". Ofis kenan, ko tafi ba a yi mata a kunne ba.

"Wa ke goyonta da can?" Taibatu ta tambayi uban, Ɗanasabe.

"Inna ta, tun yaye. Ta rasu saura kwana tara mu tashi. Kushewar na ƙarƙashin ruwa yanzu."

* * *

A makaranta an koya wa Taibatu cewa yaro sai da mutum guda wanda zai riƙe, in ya ɓace a maye masa gurbi da wuri, in ba haka ba yaron ya koma cikin kansa ya rufe ƙofa. Ta sami uwar, Maimunatu, tana tankaɗe.

"Yaushe rabon da ki ɗauke ta, ki kira sunanta?"

Maimunatu ta ja gyale ta rufe baki. "Ɗiyar fari ta. Mi mutane za su ce?"

Haushi ya kama Taibatu, sai kuma tausayi, don ita ma uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba. Amma ita kakarta ta rayu har ta aurar da ita.

Taibatu ta ce, "Mutanen sun watse, kowa da inda aka jefa shi. In ba ta yi magana ba, mota za ta zo a kai ta gidan marayu. Sau ɗaya kawai, ki kira ta."

Maimunatu ta karkaɗe garin hannunta, ta taka har gindin rumbu. Ta buɗe baki, hawaye na zuba. Abin da ya fito shi ne, "Ke... ke wance."

Yarinyar ba ta waiwayo ba. Can sai wata murya ta fito daga bakin yarinyar, dusasshiya, mai karkarwa irin ta tsohuwar da ba ta da haƙora.

"Kyauta, taho in goya ki."

Ta miƙe tsaye, ta ɗaga hannuwa biyu sama, tana jira.