Kati Biyu daga Iquique

Da hantsi wutar lantarki ta ɗauke a unguwar Cala Cala da ke birnin Cochabamba, ta dawo da ƙarfin da ya wuce ƙima, sai Casilda Arispe ta ji ƙauri yana tashi daga bayan kwamfutarta. Allon ya yi baƙi ƙirin.

A cikin injin nan akwai littafin da ta kusa gamawa a kan ire-iren masarar yankin Cochabamba. Shekara da shekaru tana hawa bayan manyan motoci zuwa ƙauyuka, ta zauna da tsofaffin mata su gaya mata wace masara ce ta kunun api, wacce ke jure fari. Tun da ta sayi kwamfuta a 1988 ta daina ajiye komai a takarda.

Ta naɗe injin a bargo ta kai shagon Don Efraín, mai gyara a bakin kasuwar La Cancha. Ya kwance murfin, ya sunsuna, ya zaro wani kati mai faɗin tafin hannu wanda gefensa ya babbake.

"Faifan da ke ajiye rubutunki lafiyarsa lau, Doña Casilda. Wannan ne ya mutu, katin da ke sarrafa faifan."

"To sa wani mana."

Ya sa sabo fil, ya kunna. Faifan ya yi ta juyi, amma allon ya ce babu komai a kansa. Casilda ta dafa teburi.

"Zauna, kar ki faɗo mini kan kaya," in ji shi. "Rubutunki yana nan. Kowane irin kati da yadda yake jera abu a faifai. Wanda ya rubuta shi ne ke iya karantawa, ko ɗan'uwansa sak, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya. In kina so wannan sabon ya yi aiki, sai in share faifan tas mu fara daga farko."

"Ka share, ni kuma in share ka."

Ya yi dariya. "Na san za a rina. Sai dai irin naki an daina kawo shi. A ina kika saya?"

"Daga birnin Iquique aka kawo mana kwamfutocin. Guda biyu ne, iri ɗaya."

"Ina ɗayan?"

Ɗayan yana garin Quillacollo wurin ƙanwarta Nieves, wadda ke tsara katunan gayyata da shi. Rabonsu da magana tun auren Nieves na biyu. Casilda ta ce direban babbar mota bai dace da 'yar gidansu ba, ta faɗa a gaban dangi, kuma ba ta je bikin ba.

Sai da ta zaga ko'ina tukuna. Ta je jami'a, ta je wurin wani likitan haƙori, ta je makarantar 'yan majami'a. Duk katin da aka ara mata, Don Efraín ya juya shi ya girgiza kai. Ɗaya ma ya yi kama ƙwarai, amma allon ya fito da tarkacen haruffa marasa ma'ana.

Ranar Asabar ta hau motar Quillacollo.

Nieves ce ta buɗe ƙofa, hannunta duk garin fulawa. Ta dubi yayarta daga sama har ƙasa.

"Wa ya mutu?"

"Kwamfutata."

"Allah ya ji ƙanta. Shigo, kina tare mini hanya."

A kicin Casilda ta yi bayani, idonta a kan tukunya. Nieves ta ci gaba da murza ƙullu.

"Wato ba ni kika zo gani ba, Yaya. Kati kika zo gani."

"Haka ne," in ji Casilda. "Amma na yi ta neman dalilin zuwa, ban samu ba sai wannan."

Nieves ta ce, "Da injin nan nake ci. In faifanki ya ƙona nawa katin fa? Nawa aikin ma ya tafi ke nan, tunda kin ce babu irinsa."

Casilda ta san gaskiya ce. Ta fara laluben jakarta za ta tashi, sai wani ƙaton mutum mai furfura a gemu ya leƙo daga tsakar gida yana goge baƙin mai a hannu. Hilarión ne, mijin Nieves, wanda Casilda ba ta taɓa gaisawa da shi ba.

"Nieves, aikin shekaru ne fa," ya ce. "A kwafe naki a ƙananan faifai tukuna, sannan a gwada. Ni zan kai injin, ba zan bari a jijjiga shi a motar haya ba."

Nieves ta ce, "Ka ji mai bakin magana. Kai ne aka ce ba ka dace ba."

"An faɗa. Ai ni ma a lokacin ban tabbata na dace ba."

Ranar Litinin suka iso shagon su uku, Hilarión rungume da kwamfutar kamar jinjiri. Don Efraín ya fara kwashe aikin Nieves, sannan ya zare katinta a hankali, ya soka a injin Casilda, ya haɗa wayoyi. Faifan ya yi ƙara, ya yi tsit, ya sake ƙara. Sai sunayen surorin littafin suka gangaro a allo, fari a kan baƙi, babu wadda ta ɓata.

Casilda ta rufe fuska da tafuka. Nieves ta miƙa mata hankici tana cewa, "Kar ki jiƙa mini kati."

Kwafewar ta ɗauki lokaci, Don Efraín yana sauya ƙananan faifai ɗaya bayan ɗaya yana yi wa Casilda faɗa a kan rashin ajiye kwafi. Ya aika aka sayo salteña, wani irin sambusa mai nama, suka ci a tsaye. Hilarión ya sunkuya yana karanta allon, leɓɓansa na motsi.

"Babu masarar garinmu a nan, Doña Casilda. A can bayan garin Aiquile akwai wata mai toka-toka da jan baki. Gwaggona tana shukawa har yanzu."

"Mai toka-toka da jan baki?" Ta ajiye abincin. "An taɓa ba ni labarinta, na ɗauka ta ɓace."

"Tana nan. Ina da lodi can ƙarshen wata, gaban mota yana ɗaukar mutum uku."

Casilda ta dubi ƙanwarta. Nieves ta lashe yatsa, ta ce ita dai bakin taga za ta zauna, kuma Yaya ta zo da bargo, don hanyar akwai sanyi.